Biri Mai Lamba 766 da Jariran Recife: Yadda Cutar Zika Ta Yi Shekara 68 Ba a Ɗauke Ta a Bakin Komai Ba

A watan Agustan 2015 aka kira Vanessa van der Linden, likitar ƙwaƙwalwar yara a birnin Recife da ke arewa maso gabashin Barazil, ta duba wasu tagwaye maza da aka haifa. Ɗaya lafiyarsa lau. Ɗayan kuwa kansa ya ƙanƙance fiye da kima, goshinsa ya shafe baya, fatar kan ta tattare kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa. Hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna ɗigo-ɗigon farin abu mai tauri, irin tabon da ƙwayar cuta ke bari idan ta kama ɗan tayi a ciki. Aka gwada duk cututtukan da aka san suna yin wannan ta'asa, irin su ƙyandar Jamus da tunjere, ba a sami ko ɗaya ba.

Da a kan yaro ɗaya abin ya tsaya, da an rubuta shi cikin abubuwan da kan faru jefi-jefi. Jihar Pernambuco, wadda Recife ke zaman babban birninta, takan ga irin waɗannan jarirai kamar goma a shekara. Amma kafin Satumba ya ƙare, likitar tana ganinsu a jere. Mahaifiyarta, Ana van der Linden, wadda ita ma likitar ƙwaƙwalwar yara ce a wani babban asibitin mata da yara na birnin, ta ga bakwai a rana guda. Cikin watan Oktoba suka kai rahoto ga hukumar lafiya ta jihar.

Ƙwayar cutar da aka kama da laifin daga baya ba baƙuwa ba ce ga masana. An san ta tun 1947, an ba ta suna, an rubuta ta a littattafai, an kuma yanke mata hukuncin cewa ba ta da wata illa. Abin tambaya shi ne yadda aka yi shekara 68 da wannan hukunci ba a sake duba shi ba. Amsar ta rataya ne a kan waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa.

Dajin da ke bakin tafki

Zika sunan wani ɗan ƙaramin daji ne a kan hanyar Kampala zuwa Entebbe a Yuganda, kusa da Tafkin Biktoriya. A harshen Luganda kalmar na nufin wurin da ya sarƙe da tsirrai. A shekarun 1940 akwai cibiyar binciken zazzaɓin shawara a Entebbe, wadda Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ke tallafa wa. Shawara ce ke gabansu, domin ita ke kisa. Dabararsu ita ce su ɗora birai a keji a kan dakalin katako can saman bishiyoyi, inda sauron daji ke cizo, su riƙa auna zafin jikinsu kullum.

Ranar 18 ga Afrilun 1947, biri mai lamba 766 ya yi zazzaɓi. Aka ɗebi jininsa aka yi wa ɓeraye allura a ƙwaƙwalwa, cikin kwana goma suka kwanta ciwo. Abin da aka tace daga ƙwaƙwalwarsu bai dace da shawara ba, bai kuma dace da wata ƙwayar da aka sani ba. A watan Janairun 1948 aka sake samun ta a jikin sauron dajin. George Dick da Stuart Kitchen da Alexander Haddow suka wallafa sakamakon a 1952, suka raɗa wa ƙwayar sunan dajin.

Akwai abin lura a wannan gwaji na farko. Tun a lokacin an ga cewa ƙwayar na son ƙwaƙwalwa, tana lalata ta a jikin ɓeraye, musamman ƙanana. Sai dai 'yan'uwanta da dama haka suke yi idan aka cusa su kai tsaye cikin kan ɓera, saboda haka ba wanda ya ɗauki abin a matsayin gargaɗi ga bil'adama.

Shekarun da ba a nema ba

Gwajin jini a Yuganda da Tanganyika ya nuna tun farkon shekarun 1950 cewa mutane na kamuwa. A 1954 wani mai bincike, Francis Macnamara, ya ba da rahoton abin da ya ɗauka Zika ce a jikin wata yarinya 'yar shekara goma a gabashin Najeriya, ko da yake masana daga baya sun nuna cewa wata 'yar'uwarta ce mai suna Spondweni. A 1964 David Simpson, wanda ke aiki a Entebbe, ya kamu da ita, ya rubuta abin da ya ji a jikinsa: ɗan ciwon kai, ɗan zazzaɓi, ƙuraje masu ja da suka baje suka ɓace cikin 'yan kwanaki. Wannan siffa ce ta bi cutar har rabin ƙarni.

A ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Ibadan an tace Zika daga jinin masu zazzaɓi a tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da tsakiyar 1970. Binciken da A. H. Fagbami ya wallafa a 1979 kan jihar Oyo ya sami alamar garkuwar cutar a jinin kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. A Malesiya an same ta a jikin sauron gida tun 1966. Ke nan tana yawo a tsakanin jama'a masu yawa a nahiyoyi biyu. Duk da haka, zuwa 2007, mutum 14 kacal aka rubuta a mujallun likitanci cewa sun yi rashin lafiyar Zika.

Tazarar da ke tsakanin kashi 40 da mutum 14 tana da bayani. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin komai. Wanda ya ji zazzaɓi a ƙauyen Oyo ko Senegal, maleriya za a ce masa, a ba shi magani, ya warke da kansa, a yaba wa maganin. Gwajin jini kuma na rikita Zika da zazzaɓin dengi da shawara, domin dangi guda ne. Uwa-uba, a yawancin wuraren da take yawo, a gida ake haihuwa, ba a auna kan jariri, ba a rubuta nakasar haihuwa a wata rajista. Idan wata mata ta yi ɓari, ko ta haifi yaro mai ƙaramin kai, ba wanda zai haɗa abin da ƙurajen da suka fito mata wata shida da suka wuce. Rashin ganin illa sai ya koma hujjar cewa babu illa.

Tsallakawa zuwa tsibirai

A 2007 likitoci a Yap, wani tsibiri a yammacin Tekun Fasifik mai mutum kimanin 7,400, suka ga jama'a na zuwa da ƙuraje da jan ido da ciwon gaɓɓai. An zaci dengi ce, gwaji ya nuna Zika. Masu bincike suka ƙiyasta cewa kashi 73 cikin ɗari na mazauna tsibirin 'yan shekara uku zuwa sama sun kamu, amma kamar ɗaya cikin biyar ne ya yi rashin lafiya. Ba a kwantar da kowa a asibiti ba, ba wanda ya mutu. Annoba ta farko da aka rubuta sai ta ƙara ƙarfafa tsohon hukunci. Yap kuwa ta yi ƙanƙantar da ko da cutar na taɓa 'yan tayi, haihuwar da ake yi a can a shekara ba ta kai yawan da za a gane ba.

Alamu biyu suka biyo baya. Wani masanin ƙwari ɗan Amurka da ya yi aiki a Senegal a 2008 ya koma gida Colorado da cutar, matarsa da ba ta je ko'ina ba ta kamu, abin da ya nuna tana iya bin hanyar saduwar aure. Sai kuma tsibiran Folinesiya da ke ƙarƙashin Faransa, inda annoba ta ɓarke a ƙarshen 2013. Kimanin mutum 30,000 suka nemi magani, 42 kuma suka kamu da wata lalurar shanyewar jiki da ake kira Guillain-Barré, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa jijiyoyi. Wannan ne karo na farko da aka ga Zika ta kwantar da mutane a ɗakin masu jinya mai tsanani. Batun jarirai bai taso ba a lokacin. Sai bayan Barazil ta yi kururuwa aka koma aka bincika takardun asibitocin tsibiran, aka sami 'yan tayi da jarirai takwas masu ƙanƙancewar kai, biyar daga ciki an riga an cire cikinsu a asibiti.

Sauron da aka kora ya dawo

Ƙwayar cuta ba ta tafiya sai da abin hawa, kuma a Barazil abin hawan na jiranta. Sauron da masana ke kira Aedes aegypti, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, ɗan asalin Afirka ne. Ya tsallaka Tekun Atilantika a cikin gangunan ruwan jiragen fataucin bayi, ya kai shawara tare da shi. Annobar shawara ta farko da aka rubuta a Barazil a Recife ta auku, a 1685. Halinsa ya bambanta da na sauron maleriya: da rana yake cizo, jinin mutum ya fi so, kuma a ruwan da ke zaune a cikin gida yake ƙwai, ko a randa, ko a tanki, ko a tsohuwar taya, ko a murfin kwalba. Ƙwansa na iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Barazil ta taɓa cin galabarsa. Oswaldo Cruz ya yaƙe shi a Rio de Janeiro daga 1903. Daga 1947 ƙasashen nahiyar Amurka suka haɗa kai, ma'aikata na shiga gida-gida da hodar DDT, har a 1958 aka tabbatar wa Barazil cewa ta kawar da shi. Amma wasu maƙwabta ba su gama nasu aikin ba, kuɗin sa ido kuma ya ja baya da zarar an daina ganin cutar. Ya ɓulla a Belém a 1967, aka sake korarsa, ya dawo a 1976 ya zauna daram. Wannan karon ya tarar da birane sun cika sun batse da unguwannin da ba famfo, ba magudana, ba kwasar shara. Dengi ta ɓarke a Rio a 1986, ba ta sake barin ƙasar ba.

Arewa maso gabas ita ce shiyyar da ta fi talauci, kuma daga 2012 ta faɗa cikin fari mai tsanani na shekaru. Aka riƙa ba da ruwan famfo da ƙa'ida, wata unguwar sai a yi kwanaki bai zo ba. Duk gidan talaka ya cika da durom da bokitan ajiyar ruwa. Fari, wanda a ka'ida ya kamata ya rage sauro, sai ya gina masa gida a tsakar gidan kowa.

Binciken ƙwayoyin halittar cutar ya nuna cewa jinsin da ya shiga Barazil ɗan'uwan na Folinesiya ne, kuma ya iso tsakanin 2013 da farkon 2014. Ya yi fiye da shekara yana yawo a ɓoye a bayan dengi. A farkon 2015 asibitocin shiyyar suka cika da masu ƙuraje da ƙaiƙayi. Gúbio Soares da Silvia Sardi na Jami'ar Tarayya ta Bahia suka gano Zika a jinin marasa lafiya daga garin Camaçari, gwamnati ta tabbatar a watan Mayu. Ministan lafiya na lokacin, Arthur Chioro, ya shaida wa manema labarai cewa Zika cuta ce mai sauƙi, dengi ce abin damuwa domin ita ke kisa. Abin da littattafai suka faɗa ya maimaita. Hausawa kuwa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A birnin Salvador, gwajin jini ya nuna daga baya cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na mutane sun kamu.

Abin da tef ɗin awo ya tona

Kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai kewayen santimita 34 zuwa 35. A asibitocin Barazil, inda kusan duk haihuwa ke faruwa, auna kai da tef aiki ne na yau da kullum, kuma ƙasar na da rajistar haihuwa tun 1990. A lokacin tana haifar yara kusan miliyan 3 a shekara. Cuta ta sami jama'ar da ba su da garkuwarta ko kaɗan, ta kama miliyoyi cikin 'yan watanni, a ƙasar da ke aunawa tana rubutawa. A irin wannan yanayi ne kawai illar da ke samun 'yan kaɗan cikin ɗari za ta fito fili.

Likitocin Recife suka riƙa tambayar iyayen jariran, da yawansu suka tuna cewa sun yi ƙuraje a farkon ciki. Carlos Brito, likitan da ya daɗe yana bin diddigin dengi a birnin, ya jera kwanan watan annobar ƙurajen da na haihuwar jariran, ya ga tazarar ta yi daidai da tsawon goyon ciki. Ranar 11 ga Nuwamban 2015 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya, tun ba a tabbatar da musabbabin ba.

Hujja ta farko daga cikin mahaifa ta fito ne daga Campina Grande, wani gari a cikin jihar Paraíba. Adriana Melo, likitar da ke duba 'yan tayi, ta ga wata irin lalacewar ƙwaƙwalwa a hoton cikin mata biyu wadda ba ta taɓa gani ba. Da yardarsu ta ɗebi ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, ta aika cibiyar Fiocruz da ke Rio. Ranar 17 ga Nuwamba aka sanar cewa akwai Zika a cikinsa. Ranar 28 ga watan, Cibiyar Evandro Chagas ta sami ƙwayar a jini da sassan jikin wata jaririya daga jihar Ceará da ta rasu jim kaɗan bayan haihuwa.

Duk da haka masana da dama a ciki da wajen ƙasar sun yi tababa, kuma suna da dalili. Ba a taɓa sanin wata cutar da sauro ke yaɗawa tana nakasa 'yan tayin mutane ba. Rajistar Barazil kafin 2015 na nuna jarirai kimanin 150 masu ƙanƙancewar kai a shekara, adadin da ya yi ƙasa da abin da ya kamata a ƙasa mai wannan yawan haihuwa, wato an daɗe ana rasa wasu. Ma'aunin farko na santimita 33 kuma ya yi faɗi, ya kwaso dubban yara masu lafiya, har aka rage shi zuwa 32 a watan Disamba, aka sake ragewa a Maris na 2016. Zuwa ƙarshen Janairun 2016 waɗanda ake zargi sun haura 4,000, da yawansu daga baya aka cire su daga lissafi. A cikin wannan ruɗani jita-jita ta sami kasuwa: wasu suka ce maganin kashe tsutsar sauro da ake zubawa a tankuna ne, wasu suka ce lalatacciyar allurar rigakafi ce.

Hujjoji suka yi ta taruwa. A watan Fabrairun 2016 likitoci a Sulobeniya suka sami ƙwayar jingim a ƙwaƙwalwar ɗan tayin wata mata da ta ɗauki ciki a garin Natal na Barazil. A Maris masu bincike a Amurka suka nuna a ɗakin gwaji cewa Zika na kama ƙwayoyin asali da ke haifar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ta hana su hayayyafa, ta kashe su. Ranar 13 ga Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa ta gamsu Zika ce sanadi. A Recife, tawagar Celina Turchi ta kwatanta jarirai 32 masu lalurar da 62 marasa ita da aka haifa a asibitoci guda: 13 daga rukunin farko na ɗauke da shaidar kamuwa, babu ko ɗaya a rukuni na biyu. Cikakken binciken ya wanke maganin tsutsa da allurar rigakafi.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙwayar na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, kuma haɗarin ya fi yawa a watanni ukun farko. Idan ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa suka mutu, sai ƙwaƙwalwar ta daina girma ko ta motse, ƙoƙon kai ya rufta a kanta. Ƙaramin kai alama ce ta waje kawai. Tare da ita akan sami farfaɗiya, sandarewar gaɓɓai, lalacewar ido da ji, da wahalar haɗiya. Wasu yaran ana haifarsu da kai daidai, sai matsalar ta bayyana daga baya. Rajistar da Amurka ta buɗe ta nuna cewa kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na matan da suka kamu suna da ciki sun haifi yara masu nakasar da ke da alaƙa da cutar.

Tarihi ya taɓa ganin irin wannan. A 1941 Norman Gregg, likitan ido a Sidni ta Ostireliya, ya lura da yawan jarirai masu yanar ido, ya gano cewa iyayensu mata sun yi ƙyandar Jamus a farkon ciki. Ita ma cuta ce da aka daɗe ana ɗauka ta 'yan ƙuraje ce kawai, shi ma an yi shekaru ana jayayya da shi. Sai da annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kusan 20,000 da nakasa a Amurka kafin a sami rigakafi a 1969.

Nauyin ya faɗa kan mata

Ranar 1 ga Fabrairun 2016 shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Margaret Chan, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa da ta shafi duniya, karo na huɗu da aka yi irin wannan shela. Hukumar na ɗauke da tabon jinkirin da ta yi kan Ebola a Afirka ta Yamma, ba ta so ta maimaita. Barazil ta baza sojoji 220,000 su bi gida-gida suna wayar da kai. Fiye da masana 100 suka sa hannu a wasiƙar neman a ɗage gasar Olamfik ta Rio ko a sauya mata wuri, wasu 'yan wasa suka janye. An yi gasar a watan Agusta, lokacin sanyin ƙasar, ba a kuma tabbatar da kamuwar ko mutum ɗaya daga cikin mahalarta ba.

Gwamnatocin yankin, da ba su da rigakafi ko magani, suka juya ga mata. El Salvador ta shawarce su su dakata da ɗaukar ciki har 2018. Kolombiya da Jamaika suka ba da irin wannan shawara ta 'yan watanni. An ba da ita ne a yankin da fiye da rabin cikin da ake ɗauka ba shirya shi aka yi ba, kuma matan karkara ba su cika samun hanyoyin tazarar haihuwa ba. Duk da haka haihuwa ta ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari a Barazil a 2016, a Pernambuco kuwa da kashi 10. Masu hali sun jinkirta, sun sayi maganin shafawa, sun zauna a benaye masu na'urar sanyaya ɗaki. Taswirar Recife ta nuna cewa jariran sun taru ne a unguwannin talakawa, 'yan ƙalilan ne suka fito daga unguwannin masu kuɗi.

Bayan kasuwa ta watse

Cutar ta lafa da sauri kamar yadda ta taso, mafi yawa saboda jama'a sun kamu sun sami garkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelarta ranar 18 ga Nuwamban 2016, Barazil ta janye tata a watan Mayun 2017. Zuwa farkon 2018 an tabbatar da yara fiye da 3,700 masu lalurar a nahiyar Amurka, kusan 3,000 daga ciki a Barazil. Gwaje-gwajen rigakafi da aka fara da zafi suka tsaya cik, domin babu isassun masu kamuwa da za a gwada ingancinsa a kansu, masu zuba kuɗi kuma sun juya wani wajen. Har yau babu allurar rigakafin Zika da aka amince da ita.

Yaran kuwa suna nan. Da yawansu ba sa tafiya, ba sa magana, wasu ta bututu ake ciyar da su. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa haɗarin mutuwarsu kafin shekara uku ya ninka na sauran yara fiye da sau 11. Iyaye mata suka bar aiki, suka koma ɗaukar yara a motar haya daga ƙauye zuwa birni don gashin ƙashi da ganin likita, wasu mazan suka gudu suka bar su. A Recife suka kafa ƙungiya mai suna União de Mães de Anjos, wato haɗakar iyayen mala'iku, suka riƙa bin majalisa da kotu. A 2020 aka yi dokar ba yaran fansho na mafi ƙarancin albashi har ƙarshen rayuwa. A 2025, bayan majalisa ta yi watsi da ƙin amincewar shugaban ƙasa, aka yi dokar biyan diyyar real 50,000 na kuɗin Barazil ga kowane yaro tare da ƙarin fansho. Lokacin manyansu na gab da cika shekara goma.

A ɓangaren sauro an sami ci gaba. Ana sakin sauron da aka sa wa wata ƙwayar halitta mai suna Wolbachia, wadda ke rage masa ikon yaɗa cuta kuma take bin zuriyarsa. A gwajin da aka yi a Yogyakarta ta Indonesiya dengi ta ragu da kashi 77 cikin ɗari, Barazil kuma na faɗaɗa shirin a biranenta. Famfo da magudana, waɗanda su ne tushen matsalar, har yanzu ba su kai ga miliyoyin gidaje ba.

Tambayar da ta rage wa Afirka

Me ya sa ba a ga irin jariran Recife a nahiyar da cutar ta fito ba? Masana na da amsoshi da dama, kuma suna iya zama gaskiya a tare. Wataƙila 'yan mata da yawa na kamuwa tun suna yara, su sami garkuwa kafin aure. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa jinsin da ya bi ta Fasifik ya sami ɗan sauyi a halittarsa wanda ya ƙara masa illa ga ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓeraye. Wani na 2020 ya gano cewa sauron Aedes na yawancin yankunan Afirka bai kai na Amurka da Asiya saurin ɗaukar ƙwayar ba. Gwaji a jikin dabbobi kuma ya nuna cewa jinsin Afirka ya fi zafi, yana iya kashe ɗan tayi gaba ɗaya, ta yadda illarsa za ta ɓuya a cikin ɓarin da ba a binciken sanadinsa.

Amsa ta ƙarshe ita ce wadda tarihin cutar ya riga ya koyar: ba a duba ba. Inda aka duba an gani. Jinsin Barazil ya isa tsibiran Cape Verde a 2015, aka yi zargin kamuwar fiye da mutum 7,000, aka kuma haifi jarirai masu ƙanƙancewar kai. An same shi a Angola a 2016 da 2017. Sauron na nan a biranen Afirka ta Yamma, ciki har da na Najeriya, inda ajiye ruwa a durom da randa ya zama dole ga yawancin gidaje, kuma a arewacin ƙasar mafi yawan mata a gida suke haihuwa.

A Barazil, yaran da aka haifa bayan 2016 ba su da garkuwar da iyayensu suka samu, kuma cikin shekaru kaɗan za su kai munzalin haihuwa. Masana na sa ran cutar za ta sake tasowa idan marasa garkuwa suka yi yawa. Ko za a gane ta da wuri a duk inda ta ɓulla, ya dogara ne a kan abubuwa masu araha: ungozomar da ke da tef ɗin awo, littafin da take rubuta abin da ta auna, da ofishin da ke karanta littafin ya lura idan goma ta zama ɗari.